Minti

Bayan la'asar, in na rufe akwatin agoguna,
nakan bi ta lungunmu na Ƙofar Mazugal
da ledar tarkace daga teburin Ilu mahauci:
jijiya, guntun huhu, abin da sikeli ya raina.
A kangon gidan su Barmani suke jira,
inda damina ta ci katanga har gindi.
Su tara ne, wata rana sha ɗaya,
wasu kan tsohuwar taya, wasu cikin fasasshiyar randa.
Ba sa gaisuwa. Ba sa godiya.
Muzurun nan mai tabo a hanci
yakan karɓi nasa kamar bashi yake bi na.

Ita kuwa kullum tana ƙarshe,
baƙa wuluk, kunne guda a yage,
ido ɗaya ya liƙe da kwantsa.
Sai kowa ya watse take lasar leda.
Wata biyu ina matso da gwangwanin ruwa
taku ɗaya yau, taku ɗaya jibi,
yadda nake lallashin agogo mai latti:
ka murɗa da ƙarfi, ka tsinke masa zuciya.

Daren da kwata ta cika har ta haura dakali
na ji kuka a bakin soro,
siriri, kamar ƙyauren da ya manta da mai.
Na naɗe ta cikin tsohuwar jallabiyata.
Ta rattaba mini hannu da farce uku a dantse,
yarjejeniyar tana nan, ba ta goge ba.

Kwana huɗu tana ƙarƙashin gado,
ni da ita sai kallon-kallo,
idonta guda na ci a duhu kamar fitilar ƙwai.
Na kai ta Gwale a kwalin taliya, cikin adaidaita,
direba na waiwaye, wai wa ke zaginsa haka.
Likita ya wanke idon, ya yi allura,
ya ce a zuba yashi a daro, a riƙa sauyawa,
a kuma raba ta da ƙayar kifi.
Kuɗin ya lashe gyaran agogo shida.
Na biya, ban ko yi ciniki ba, ni da nake Bakano.

Maƙwabcina Nababa ya toge a soro, ya ƙi shigowa.
"Baƙar mage, Malam Shu'aibu? Ka san ko wace ce?"
Na ce na sani:
mai jin yunwa ce, tana kuma tsoron tsintsiya.
Yanzu da ɓeraye suka yi hijira zuwa sitonsa
ya aiko yaro, wai aron kwana biyu.

Minti na sa mata,
don ba ta taɓa saɓa lokacin cin abinci ba.
Tun rasuwar Tasalla
agoguna kaɗai ke magana a ɗakin nan,
kowanne da tasa ƙaryar.
Yanzu akwai mai ture mini ƙananan ƙusoshi daga tebur
tana kallona cikin ido,
mai miƙewa kan darduma daidai inda goshina zai sauka,
mai gurnani a ƙirjina da asuba
kamar injin markaɗe a unguwa mai nisa.

Da yamma takan hau taga ta zuba wa kangon ido.
Kewa ce, ko hamdala?
Ban iya karanta jelarta ba tukuna.

Ledar ba ta daina tafiya ba.
Tara sun koma bakwai, mota ta ɗauke biyu,
sai ga jarirai uku cikin randar nan, ido a rufe.
Ɗakina ɗaya ne, aljihuna ma haka.
In na dawo, kafin in cire takalmi,
sai ta sansana yatsuna ɗaya bayan ɗaya,
ta ji wa ya ci, wa ya rage,
sannan ta juya mini baya ta hau wanka.